Babi na Shida: Layi Ɗaya, Layi Biyu

A ɗakunan awon ciki na asibitocin Kudancin Kaduna, tun daga Asibitin St. Louis na Katolika da ke Zonkwa zuwa babban asibitin Kafanchan mai ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, har zuwa ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, akwai wata 'yar siririyar takarda wadda tsawonta bai wuce na yatsa ba. Ma'aikaciyar jinya za ta tsaga bakin yatsa da ɗan tsinken ƙarfe, ta ɗiga jini a gindin takardar, ta bi shi da ɗigon wani ruwan magani, sannan a jira minti 15. Jinin zai riƙa hawa a hankali cikin takardar. Idan jan layi ɗaya ya fito, an ce babu komai. Idan biyu suka fito, sai ɗakin ya yi tsit. Wannan shi ne gwajin gaggawa na cutar ƙanjamau, kuma a ganina babu wani kayan aikin likita da ya sauya rayuwar mutanen karkara a shekaru ashirin ɗin nan kamarsa. Duk da haka hujjar wannan babi ita ce takardar nan tambaya ɗaya ƙwal take amsawa, kuma kusan duk ɓarnar da ake danganta wa gwajin ta samo asali ne daga masu ɗora mata tambayoyin da ba nata ba.

Sai an tuna yadda ake ciki kafin zuwanta za a san darajarta. An fara bayyana cutar a Amurka a 1981, masu bincike a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka ware ƙwayar da ke haddasa ta a 1983, aka kuma amince da gwajin jini na farko a 1985. Najeriya ta sanar da masu ɗauke da ita na farko a 1986. Wancan gwajin na farko yana bukatar na'ura, da lantarki, da firji, da ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji, kuma ana tara jinin mutane da yawa ne kafin a yi aikin a zama ɗaya. Ga mutumin Madakiya ko Kamuru ko Fadan Kamantan, ma'anar wannan ita ce tafiya biyu: ɗaya ta ba da jini, ɗaya ta karɓo sakamako bayan kwanaki ko makonni. A tsakanin tafiyoyin nan biyu ne tsoro ke cin mutum. Ko a Amurka, inda kuɗin mota ba shi ne matsala ba, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta lura cewa a shekarar 2000 kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka samu da cutar a cibiyoyin gwaji na gwamnati ba su koma karɓar sakamakonsu ba. To ina ga manomin citta da zai bar gonarsa da damina ya hau babur kan lalatacciyar hanya don ya jiyo labarin da ba ya so ya ji? A shekarun da adadin mata masu ciki da ake samu da cutar a Najeriya ya tashi daga kashi 1.8 cikin 100 a 1991 zuwa kashi 5.8 a 2001, yawancin mutane ba su san halin da suke ciki ba sai da rama da gudawa da tari suka sanar da su, suka sanar da maƙwabta tare.

Gwajin gaggawa ya haɗe tafiyoyin biyu ya mai da su zama ɗaya. Ba ya son lantarki, ba ya son na'ura, ungozoma ko ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya koyonsa, kuma ana iya ɗaukarsa a jaka zuwa kasuwa ko harabar majami'a. Amfaninsa ya cika ne da zuwan magani. Gwamnatin tarayya ta fara rabon maganin rage kaifin cutar a 2002, shirin PEPFAR na Amurka ya biyo baya daga 2003, aka mai da maganin kyauta a asibitocin gwamnati a 2006, sannan a 2016 Najeriya ta karɓi ƙa'idar cewa duk wanda aka tabbatar yana da cutar a ɗora shi kan magani nan take, ba sai jiki ya raunana ba. A ɗakin awon ciki ne aka fi ganin ribar wannan. Idan ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na uwayen da ke da cutar suna kamuwa lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa. Idan uwa ta san halinta ta riƙe magani, adadin kan faɗi ƙasa da 5. Matar da ta zo awo sau ɗaya kawai a cikinta, kuma irinsu ba kaɗan ba ne, ba ta da wata dama sai wannan minti 15.

To me takardar take gani? Ba ta ganin ƙwayar cutar. Abin da take kamawa shi ne wasu sinadarai da garkuwar jiki ke ƙerawa musamman domin yaƙar wannan ƙwayar bayan ta shiga jini. An shafa wa takardar wasu ɓangarori na furotin ɗin ƙwayar cutar masu ɗauke da launi. Idan jinin yana da sinadaran garkuwar, za su manne wa waɗannan ɓangarori, su tafi tare har inda aka ja musu iyaka, su taru a can su zama jan layi. Ɗaya layin kuwa shaida ce kawai cewa ruwan ya bi takardar har ƙarshe, shi ya sa idan bai fito ba ake jefar da gwajin a sake. Kamar mai gida ne da bai ga ɓarawo da idonsa ba, haushin karensa kawai ya ji. Yawanci kare yana da gaskiya. Amma yakan makara bai yi haushi ba sai ɓarawo ya riga ya shiga, wani lokaci kuma yakan yi wa mai wucewa haushi.

Makarar ita ce ta farko da ya kamata kowa ya sani. Jiki ba ya ƙera sinadaran nan rana ɗaya. Irin gwajin da ake yi da jinin yatsa yakan fara ganin su ne tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Cikin waɗannan makonni mutum zai iya yin gwaji ya ga layi ɗaya, ya tafi gida da murna, alhali ƙwayar tana hayayyafa a jininsa fiye da kusan kowane lokaci na rayuwarsa, kuma a lokacin ne ya fi saurin sa wa wani. Alamun wannan mataki, idan sun zo, zazzaɓi ne da ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje, waɗanda a ƙasarmu kowa zai kira maleriya ko taifot ya wuce kemis. Saboda haka layi ɗaya yana magana ne a kan yadda mutum yake wata uku da suka wuce. Wanda ya san ya shiga haɗari jiya, ko matar da aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin asibiti da allura ta soke shi, gwajin ranar ba zai ba shi labarin wannan haɗarin ba. Abin da ke gabansa shi ne maganin rigakafi da ake farawa cikin awa 72 a sha na kwana 28, sannan a maimaita gwajin daga baya. Haka nan jinin da ɗan'uwa ya bayar cikin gaggawa don ceto mai naƙuda: takardar ta rage haɗarin ƙwarai, amma ba ta share shi ba.

Jariri kuma nasa daban ne. Sinadaran garkuwar uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan da ke ciki, kuma suna iya zama a jikinsa har wata 18. Don haka jaririn uwar da ke da cutar zai iya nuna layi biyu ko da ƙwayar ba ta taɓa shi ba. Shi ya sa ake ɗiga jinin dugadugansa a wata takarda ta musamman yana da mako shida, a busar, a aika ɗakin gwajin da ke neman ƙwayar kanta. Kakar da ta ji an ce jika ya nuna layi biyu ta fara kuka, ta yi saurin kuka.

Yanzu sai kuskuren da ya fi wuyar fahimta, wanda kuma ya fi rusa gidaje: layi biyu a jikin mai lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da takardar gwaji sai ta iya kama aƙalla mutum 99 cikin 100 masu cutar, ta kuma wanke aƙalla 98 cikin 100 marasa ita. Jin waɗannan alƙaluma sai mutum ya ɗauka magana ta ƙare. Bari mu yi lissafi. Babban binciken ƙasa da aka yi gida-gida a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekaru 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar. A ɗauka an tara mutum 10,000 masu irin wannan yanayi, a gwada kowa da takarda ɗaya wadda ke kuskure sau ɗaya kacal cikin 100 a kan masu lafiya. Masu cutar 140 ne, kuma takardar za ta kama kusan dukkansu. Marasa cutar 9,860 ne, kuma kashi ɗaya cikin 100 nasu ya kai mutum 99. Ke nan cikin mutum kusan 240 da suka ga layi biyu, huɗu cikin kowane goma lafiyarsu ƙalau. Takardar ba ta lalace ba, ta yi aikinta daidai yadda aka yi alkawari. Abin da ya faru shi ne masu lafiya sun fi masu cutar yawa nesa ba kusa ba, har ɗan kuskuren da ake yi a kansu ya zama taro. Akwai abin mamaki a nan: gwargwadon yadda cutar ke raguwa a gari, gwargwadon yadda layi biyu na takarda ɗaya ke ƙara zama abin shakka.

Wannan ba lissafin allo ba ne kawai. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sake gwada mutanen da aka riga aka shaida wa suna da cutar a Bukavu, gabashin Kwango, ta tarar kimanin ɗaya cikin goma ba su da ita. An kuma lura cewa wasu cututtuka da ke tayar da garkuwar jiki gaba ɗaya, irin su ciwon barci, suna iya sa takarda ta nuna ɗan dishi-dishin layi. Ga kuma kurakuran hannu: karanta sakamako kafin lokaci ko bayan lokaci ya wuce, amfani da takardar da wa'adinta ya ƙare, da ajiya a wurin da ya wuce zafin digiri 30 da masu ƙera ta suka iyakance. Zonkwa ta fi Kano da Sakkwato sanyi, gaskiya ne, amma shagon kemis mai rufin kwano a watan Maris ya wuce wannan iyaka tun kafin azahar.

Saboda haka ne ƙa'idar Najeriya ba ta taɓa cewa takarda ɗaya ta isa ba. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne a fara da takardar Determine. Idan ta nuna layi biyu a sake da Uni-Gold, wadda wani kamfani ne daban ya yi ta. Idan suka saɓa, a kawo Stat-Pak ta raba gardama. Hikimar ita ce da wuya takardu biyu da aka haɗa da kayan da suka bambanta su yi kuskure iri ɗaya a kan mutum ɗaya. A lissafinmu na sama, takarda ta biyu za ta mayar da mutum 99 ɗin nan zuwa kamar mutum ɗaya, idan har kurakuran takardun ba su da alaƙa da juna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsananta sharaɗin, ta ce kada a shaida wa kowa yana da cutar sai takardu uku daban-daban sun nuna haka a jere, wanda sakamakonsa ya ƙi daidaituwa ya dawo bayan kwana 14, kuma a sake gwada kowa kafin a miƙa masa maganin da zai sha har ƙarshen rayuwarsa. Gwajin, in an faɗi gaskiya, shi ne wannan jerin duka, haɗe da bayanin da ake yi wa mutum kafin a tsaga yatsarsa da bayan an karanta.

Wani zai ce, tunda haka ne, me ya sa ba za a bar takardun nan a koma ga manyan ɗakunan gwaji ba? Ai akwai gwajin na'ura da ke ganin cutar tun kwana 18 zuwa 45, akwai kuma wanda ke neman ƙwayar kanta tun kwana 10 zuwa 33. Amsar ita ce gwajin da ya fi kowane kyau ba ya amfanar wanda bai kai gare shi ba. Idan aka ce kowace mai ciki a ƙaramar hukumar Zangon Kataf sai an kai jininta Kaduna ko Jos, to mun koma zamanin tafiya biyu, kuma waɗanda za a rasa a hanya sun ninka waɗanda takarda za ta yi wa kuskure sau da yawa. Gwajin na'ura yana da wurinsa: jarirai, jinin da za a ƙara wa marar lafiya, sakamakon da ya rikice, da auna yawan ƙwayar a jinin mai shan magani. Shi ma kuma ba a yanke hukunci da shi a zama ɗaya.

Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi yana zuwa ne daga majami'u da masallatai. A wannan yanki, inda Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Hausawa da Fulani ke zaune, majami'u da yawa sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin su ɗaura aure, kuma a 2024 Jihar Kano ta mai da irin wannan gwaji doka ga masu shirin aure, haɗe da na ciwon hanta da na sikila. Fasto ko Fada ko liman zai ce: ni amana ce a hannuna, iyaye sun kawo mini 'yarsu, ba zan sa albarka a kan abin da zai kashe ta ba. Wannan magana ce ta mai hankali, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Masu shirin aure su san halin juna, wannan daidai ne. Inda nake jayayya shi ne abin da ake yi da sakamakon. Gwajin da aka yi sau ɗaya mako biyu kafin biki bai rufe ƙofar wata ukun nan ba, don haka kwanciyar hankalin da yake bai wa kwamitin aure ta fi abin da ya cancanta. Majami'un da ke neman a yi sau biyu da tazarar wata uku sun fi fahimtar abin. Idan kuma aka karɓi sakamako daga ɗan ƙaramin ɗakin gwaji da ya yi amfani da takarda ɗaya, aka miƙa shi hannun dattawa kafin mai jinin ya gani, to a garin da kowa ya san gidan kowa an gama da yarinyar ko yaron kafin takarda ta biyu ta sami damar magana. Baiko ya watse, zumuntar mata ta ji, kuma gyaran da zai zo bayan kwana 14 ba ya zagaya gari da saurin da labarin farko ya zagaya. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta bayyana halin mutum ba da izininsa ba, ta kuma hana mai ɗaukar aiki ya sa gwajin sharaɗi. Ko da sakamakon gaskiya ne, hukuncin da ake yankewa a kansa ya tsufa. Manyan bincike sun tabbatar cewa mai shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin na'ura ba ya sa wa abokin aurensa, kuma irin waɗannan ma'aurata suna haihuwar 'ya'ya masu lafiya. Wannan bayani ne ya kamata ma'auratan su ji daga bakin ma'aikacin lafiya, su biyu, kafin su yanke shawarar da tasu ce.

Akwai kuma masu cewa irin wannan bayani zai sa mutane su daina yarda da gwaji baki ɗaya, gara a bar su da imanin cewa takarda ba ta ƙarya. Ina ganin akasin haka ne ke faruwa. Tun zamanin Dokta Jeremiah Abalaka na Gwagwalada, wanda ya yi iƙirarin samo maganin cutar a wajajen 2000, har zuwa masu addu'a da masu sassaƙe na yau, babbar shaidar mai da'awar warkarwa ita ce takardu biyu: ta da mai cewa akwai, ta yanzu mai cewa babu. Wanda ya fahimci lissafin da muka yi ya san inda da yawa daga cikin waɗannan mu'ujizai suke fitowa, wato daga mutanen da tun farko ba su da cutar, takarda ɗaya ce ta yi musu ƙazafi. Wasu kuma masu cutar ne na gaske da suka daɗe kan magani har sinadaran garkuwarsu suka ja baya, takardar ta kasa ganinsu, musamman irin ta shafa dasashi da ake sayarwa don mutum ya gwada kansa a gida. Shi ya sa ake hana mai shan magani sake gwada kansa da takarda. Idan ya ga layi ɗaya ya zubar da ƙwayoyinsa, cikin 'yan makonni cutar za ta dawo da ƙarfinta. Mutumin da aka gaya wa takarda ba ta kuskure, ranar da ya ga ta saɓa wa kanta ba shi da wani bayani sai na mai warkarwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a yanzu shi ne kuɗi. Kaso mai yawa na takardun gwaji da magungunan da ake rabawa a Najeriya daga tallafin waje suke zuwa, musamman PEPFAR da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya. Dakatar da tallafin waje da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairun 2025 ya nuna yadda igiyar ke da rauni. Idan kaya suka yi ƙaranci, ba takarda ta farko ce ke fara ɓacewa daga kabad ba, domin ita ake saye da yawa, ita kuma ake ƙirgawa a rahoton mutum nawa aka gwada. Ta biyu da ta uku ne ke yankewa, tare da albashin mai ba da shawara da man babur ɗin da ke kai busasshen jinin jarirai ɗakin gwaji. Asibitin da ya rage da Determine kaɗai zai ci gaba da gwaji, rajistarsa za ta cika, kuma babu wanda zai ga bambanci daga waje. Saboda haka idan hukumar yaƙi da cutar ta Jihar Kaduna ko majalisar ƙaramar hukuma za su tambayi wani asibiti a Zonkwa ko Samarun Kataf ko Kagoro yadda aikin ke tafiya, adadin waɗanda aka gwada ba zai gaya musu komai ba. Su nemi a buɗe kabad su ga takardu iri nawa ne a ciki, su duba ranar ƙarewar wa'adinsu, sannan su buɗe rajista su ƙirga mutum nawa cikin waɗanda aka rubuta wa layi biyu aka sake gwadawa kafin a ba su magani.